Gargaɗi ga Masu Injin Niƙa a Kan Ruwan Tano

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu injin niƙa a ƙasar Magarya da Dungas, wadda ba na jin ta face raina ya ɓaci, domin ta halaka injuna da yawa waɗanda da yanzu suna nan suna ciyar da iyalan masu su. Maganar ita ce wai idan inji ya wuni yana aiki, aka tsoma hannu cikin tano, wato gangar ruwan da ke sanyaya shi, aka ji ruwan da sanyinsa, to wannan inji lafiyayye ne, ba ya ɗaukar zafi. Daga Bande zuwa Waca, daga Guci zuwa Malawa, galibin waɗanda suke kawo mini kulas, wato kan silinda, tsagagge, idan na tsananta tambaya, sai su rantse cewa ruwansu bai ko yi ɗumi ba ranar da abin ya auku, suna kafa hujja da haka cewa babu sakaci daga gare su, alhali kuwa da bakinsu suka faɗi sababin hasarar. Daga nan sai a ɗora wa gazuwal laifi, ko makaniken da ya yi gyaran ƙarshe, wani lokaci har a kai ga zargin maƙwabci da sammu, a ɓata zumuncin shekaru a kan abin da bokitin ruwa biyu zai hana.

Ya ɗan'uwana mai inji, wutar da ke ci a cikin silinda ba dukkanta ke zama ƙarfin juya faranti ba. Kaso mai yawa yana zama zafi a jikin ƙarfe, kuma wajibi ne zafin nan ya sami mafita. Mafitarsa ita ce tano. Saboda haka idan inji ya yi awa biyu yana niƙan dawa, ruwan tano bai canza ba, to zafin yana nan tare a cikin kulas, ruwan da ke kewaye da silinda yana tafasa shi kaɗai a ɓoye, wanda ke cikin tano kuma yana zaune ba shi da labari. Tanon da ruwan samansa ya yi zafi har hannu ba ya jurewa, na ƙasansa kuma yana da sauran sanyi, shi ne tanon da ke aikinsa.

Injunan nan masu silinda ɗaya da muke ɗaura wa tano, asalin fasalinsu na kamfanin Lister ne da ke garin Dursley a Ingila, wanda ya fito da su wajen 1930, ya daina ƙera su a 1987, maƙeran birnin Rajkot na Indiya kuma suka ci gaba da kwaikwayonsu har yau. Ba su da famfon tura ruwa, kuma injunan ƙasar Sin da ake cire wa tukunya a haɗa da tano su ma haka suke. Abin da ke tafiyar da ruwan wata hikima ce da Allah Ya sanya a ɗabi'arsa, wato ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau ta tiyon sama ya zuba cikin tano, mai sanyi ya gangaro ta tiyon ƙasa ya maye gurbinsa. A kan wannan ƙa'ida ce mutanen ƙasashen sanyi suka daɗe suna ɗumama ɗakunansu da tukunyar ruwa da bututu, kafin su ƙara mata famfo. Amma a lura da ƙanƙantar ƙarfin: lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 nauyinta giram 998 ne, mai digiri 80 kuma giram 972. Bambancin giram 26 kacal shi ne dukan abin da ke juya ruwan injinka. Ƙarfin da bai wuce haka ba, ƙaramin cikas ya isa ya tsayar da shi cik.

Cikas na farko, wanda ya fi dukan sauran yawa idan aka haɗa su, shi ne ruwa ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama. Mai inji ya leƙa ya ga tano ya fi rabi, sai hankalinsa ya kwanta, bai san cewa ruwan da bai rufe bakin nan ba daidai yake da babu ba, domin hanyar ta yanke, ruwan zafi ba shi da ikon tsallaka iska ya faɗa cikin tano. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke wuce digiri 40, ko a jajibirin salla da mata ke jera kwanuka tun asuba har isha'i, tururi yana cinye ruwa fiye da yadda ake zato. Sai a yi alama a jikin tano, kamu guda sama da bakin tiyon, a ɗauke ta a matsayin haddin da ba a ƙetarewa.

Sai kuma kwanciyar tiyo. Na sama dole ne ya tashi daga kulas yana hawa ba tare da ya lotsa ko ya yi doro ba har ya isa tano, domin inda ya yi doro nan iska da tururi ke taruwa su tsare hanya. Sau da yawa tun ranar kafa inji ake yin kuskuren, a ajiye tano a ƙasa, ko a kan tubalin da damina za ta zaizaye ya nutse, ko a sayo tiyo mai tsawo a ƙi yanke shi saboda ganin ƙyashin kuɗin da aka biya. Wasu kuma idan na asali ya fashe sai su sa siririn tiyon ban ruwan lambu, wanda zafi ke narkar da cikinsa ya manne, a waje kuwa ka gan shi kamar sabo. Wanda zai tafi Maigatari ranar Alhamis, ko ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, ya tafi da guntun tsohon a hannu, ya sayo mai faɗinsa daidai, irin na lagireton mota.

Game da datti ba zan tsawaita ba, kowa ya san ɗakin niƙa. Garin da ke tashi yana sauka cikin buɗaɗɗen tano ya zama kunu, ya haɗu da yashin rijiya, su kwanta a gindi inda tiyon ƙasa yake sha. A rufe tano da murfi, amma kada a toshe shi ruf, a bar wa tururi hanya. Wanda ya fi wannan sharri shi ne farin dutsen da ruwan zartsi ke bari a cikin kulas, yana ƙuntata hanyoyin ruwa, yana kuma hana zafi ratsawa daga ƙarfe zuwa ruwa. A nan ma akwai bidi'o'i biyu da nake roƙon a bari. Kanwa ba ta narkar da wannan dutse, hasali ma idan ta haɗu da ruwan zartsi ƙara saukar da shi take yi. Ruwan batir kuwa ƙarfen yake ci, ya ƙone hannun yaro a banza. Abin da ke narkar da shi tsami ne mai sauƙi, kamar binigar ko ruwan lemun tsami, a cika hanyoyin kulas da shi ya kwana, a ɗauraye sosai, a maimaita idan da bukata. Kuma masu zubar da ruwan tano kowace safiya da sunan tsabta su sani cewa kowane sabon cikawa da nasa sabon dutsen yake zuwa. A riƙa ƙari kawai, wanda kuma ya sami ikon tara ruwan sama da damina domin injinsa, ya yi wa kansa babban alheri.

Binciken duk wannan ba ya bukatar wani awo sai tafin hannu. Bayan inji ya yi kamar rabin awa yana aiki, a bi tiyon sama da hattara daga kulas zuwa tano. Idan zafi ya bi shi har ƙarshe, na ƙasa kuma yana da sanyi-sanyi, to alhamdu lillahi. Idan kusa da kulas yana ƙuna, gaba kaɗan kuma ya yi sanyi, ruwa ya tsaya, a kashe inji nan take. Idan duka biyun da tanon gaba ɗaya sun yi zafi, ruwa yana tafiya, tanon ne ya ƙoshi, sai a ɗebe na sama a ƙara wani sannu a hankali, ko a nemi tano na biyu. Idan kuwa aka ga kumfa tana ɓulɓulowa cikin tano tun inji bai yi zafi ba, to gasket ɗin kulas ya ƙone, hayaƙi na shiga ruwa, wannan aikin makanike ne.

Yanzu ga abin da na fi so a riƙe, ko da za a manta da sauran. Idan aka farga ruwa ya tsaya, kulas ya yi zafi har yana ƙauri, kada a zuba masa ruwan sanyi, kada a cika tano a lokacin, kada a jiƙa buhu a ɗora masa. Kulas zubin ƙarfe ne, kamar tukunyar ƙasa yake da aka sauke daga murhu aka kwara mata ruwan randa: wajen da ruwa ya taɓa ya tsuke farat ɗaya, sauran jikin yana buɗe, sai ya tsage, galibi tsakanin bawul biyu inda ƙarfen ya fi siranta. Cika tano a wannan hali shi ma kwara ruwan ne, domin da zarar ruwa ya rufe bakin tiyon sama hanya ta buɗe, mai sanyi zai ruga cikin ƙarfen da ya bushe. Na san mata suna tsaye, na san magariba ta gabato, tuwon dare yana jira, na kuma san nauyin a ce wa uwar wani ta koma da hatsinta. Amma jiran awa guda har hannu ya iya zama a kan kulas ya fi rufe ɗakin niƙa mako biyu ana neman kuɗin sabo. Walda kuwa a wurin nan ba kasafai take riƙewa ba. A kashe inji, a ba mutane haƙuri, a jira.

Laifin kuma ba na yaran da ke tsaye gaban inji ba ne. Alhaji ya zuba dukiyarsa ya sayi inji, ya damƙa shi ga yaro ɗan shekara goma sha biyar wanda aka koya wa murɗa hannu da karɓar kuɗi kawai, da dare ya zo ya ƙirga ciniki, bai taɓa tambayar ina ruwa ya tsaya ba. Haka nan masu ayyukan raya karkara da ke raba wa ƙungiyoyin mata injuna, a yi biki, a ɗauki hoto, a tafi, ba a zaunar da ko mutum ɗaya an nuna masa abin da na bayyana a nan ba. Bayan shekara a tarar da injin a rufe cikin ƙura, a ce matan ne ba su iya riƙon amana ba. Wannan zalunci ne a kansu. Ina roƙon duk mai inji da wannan takarda ta isa gare shi, gobe da safe kafin a tayar, ya kira yaronsa su tsaya gaban tano tare, ya zana alamar nan da hannunsa, ya kuma ba shi izini a fili, gaban shaidu, cewa duk ranar da ya ji tiyon sama ya yi sanyi ya kashe inji ba tare da jiran kowa ba, kuma ba za a tuhume shi da cinikin da aka rasa ba.