Sandar Biliyar Ta Lanƙwashe, Yaya Za a Yi?

Wani mai sauraronmu daga Madarunfa, wanda ke da teburin biliyar a rumfarsa, yana tambaya me ya sa sandunansa ke lanƙwashewa, bakinsu kuma yana zamewa daga ƙwallo.

To malam, sandar nan itace ce, tana shan laima tana kuma bushewa. Ku da ke kusa da tafki, da damina za ta sha danshi, hunturu ya zo ya busar da ita. Idan ta kwana jingine da bango ko ƙarƙashin kwano mai zafi, tana iya karkacewa. A tsayar da ita cak, ko a kwantar da ita a shimfiɗe cikin inuwa. Kana son gane lafiyarta? Mirgina ta kan teburin, in bakin yana tsalle, ta lanƙwashe, da wuya ta miƙe kuma.

Bakin kuwa fata ce. In ta yi sulɓi ba ta riƙe alli, sai a ɗan kankare ta da samfefa, kaɗan fa. In ta cinye, a manna sabuwa da gam. Jikin sandar, tsumma busasshe ya isa, ban da ruwa. Yaran nan masu buga gindinta a ƙasa in sun ci wasa, a tsawata musu.