Amsar Tambaya: Zan shiga jirgin ruwa a Yawuri

TAMBAYA: Ina zaune a Babban Giji, Kano. Abokina ya gayyace ni Yawuri, mu bi Kogin Neja a kwale-kwale. Ban taɓa shiga ruwa ba. Yaya zan shirya?

AMSA: Ɗan'uwa, je ka, amma ka bari damina ta wuce. Daga Agusta zuwa Oktoba kogin a cike yake, ga iska. Nuwamba ta fi.

Abin da ya fi damuna shi ne lodi. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warra a jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150. Mu ma a Kano ba mu manta jirgin da ya kife a Bagwai ba, Nuwamban 2021, da ɗaliban Islamiyya a ciki. Don haka tsaya a bakin gaɓa ka duba da idonka. In an jibga buhuna da babura har gefen jirgin na shan ruwa, ko ka ga yaro na ta kwarfe ruwa da kwano tun kafin a tashi, kada ka shiga, ko da ka biya kuɗi. Ranar kasuwa aka fi yin haka.

Sayi rigar kariya taka, ka ɗaure ta tun kana tudu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, kuma da dalili: tafkin Kainji da ke kan wannan kogin na da kututturan bishiyoyi a ƙarƙashin ruwa.

Tafi da gidan sauro da ruwan sha, kada ka yi wanka a gaɓa saboda tsargiya. Kafin ka bar Kano, sa abokinka ya tambayar maka lafiyar hanya da matuƙin da mutanen gari suka yarda da shi.