Rigar Ulu Ba Ta Son Hannu Mai Ƙarfi

'Ya'yana, hunturu ya kankama, kuma ina ganinku da sassafe a bakin Titin Zariya, daga Gyadi-Gyadi har cikin Tarauni, masu tafiya makaranta da masu sammakon aiki a Asibitin Malam Aminu Kano, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Wasu rigunan da ke jikinku masu daraja ne ƙwarai, ko da kuwa a gwanjon Ƙofar Wambai kuka tsinto su ranar da aka fasa dila. Abin da ke ba ni takaici shi ne kafin sanyi ya ja baya a watan Fabrairu, da yawansu sun tashi daga aiki, kuma a bahon wanki suke mutuwa.

Laifin ba na ƙazanta ba ne, tsabtar ce ma ta yi yawa. Mu a kan auduga aka koya mana wanki. A jiƙa atamfa da omo, a cuɗa, a dirje wuyan riga da buroshi, a murɗe a matse, a baza a igiya rana na dukanta. Shadda kuwa a sa mata sitati a kai wa masu bugu. Auduga tana jure duk wannan, har ƙara kyau take yi. Ulu kuwa gashin dabba ne. Mai laushin nan da ake kira marino daga tumaki yake, akasari na Ostareliya, kashmiya kuma daga awakin Mongoliya da arewacin Sin ake tajo shi. Kowane silin gashi yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa waɗanda ido ba ya gani. Ruwan zafi da sabulu mai kaifi suna ɗaga su, cuɗa kuma ta sa su sarƙe da juna, kuma in sun sarƙe ba sa sakin juna har abada. Shi ya sa rigar babban mutum ke fitowa daga wanki ta tsuke ta yi kauri, sai dai a ba ɗan shekara goma. Babu telan da ke gyara wannan.

Saboda haka kafin ruwa ya taɓa rigar, ku juya ta ku nemi ɗan ƙyallen da ke ɗinke a wuya ko a gefe. In kun ga zanen baho da hannu a ciki, wankin hannu aka ce. In da'ira ce, ko an rubuta da Turanci cewa sai dirai-kilin, to masu kamfani sun ce a wanke ta da sinadari maimakon ruwa. Kada wannan rubutu ya firgita ku. A Amurka, inda gwanjo da yawa ke fitowa, tun farkon shekarun 1970 doka ta wajabta wa mai yin tufa ya faɗi aƙalla hanya ɗaya ta wanki da ba za ta ɓata kayan ba, kamfanoni kuwa sukan zaɓi wadda ba za ta jawo musu ƙorafi ba. Suwaita saƙaƙƙiya zalla, wadda ba ta da shafi a ciki, yawanci tana karɓar ruwa lafiya lau in hannun da ya riƙe ta mai tausayi ne. Amma kwat mai shafi da kafaɗa, da riga mai fata a gwiwar hannu, da mai duwatsun ado da aka liƙa da gam, waɗannan kada ku gwada su a gida. Ku kai shago, kuma ku tambayi mai shagon cikin ladabi ko da sinadari zai wanke ko da ruwa, domin ba kowane allon da aka rubuta dirai-kilin ne ke da injin ba. Wasu wanki da guga ne kawai.

Gwanjo sau da yawa yakan zo an yanke masa wannan ƙyalle. To ku zaro ɗan zare daga cikin ɗinkin gefe, ku riƙe shi da tsinke, ku kusanta masa ashana nesa da rigar. Ulu na gaske zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago ranar layya, ya bar toka mai murmushewa tsakanin yatsu. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, zaren roba ne, wanda ya fi jure wanki, ko da yake shi ma ba ya son zafi. Sannan ku jiƙa farin ƙyalle ku danna a wani lungu na rigar. In launi ya biyo shi, rigar mai zuba ce, ita kaɗai za a wanke ta, kuma da hanzari.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato ruwa da sabulu. Na san yadda ruwan jarka ke yanka hannu da safiyar hunturu, na kuma san zuciya za ta raya muku ku tsiyaya na buta mai zafi a kai. Ku dai kashe masa kaifi kawai, ya zama in kun tsoma hannu ba ku ji sanyi ba, ba ku ji ɗumi ba. Kada ya wuce digiri 30. Kuma ruwan ɗauraya ya zama daidai da na wankin, don sauyi daga ɗumi zuwa sanyi farat ɗaya shi ma yana tsuke ulu. Ku tanadi isasshen ruwa daga mai garuwa tun kafin ku fara, kada ku bar riga kwance cikin kumfa kuna leƙen kurar ruwa a ƙofar gida. Omon gari ku ajiye shi gefe: yana da kaifi, kuma da yawansa an zuba masa sinadarin da ke narkar da tabon jini da na miya, wanda bai san bambancin tabon da gashin rigar ba. Sabulun salo, duk da albarkarsa, da toka ake yin sa, ya yi wa ulu ƙarfi. Hypo da Jik kuwa cinye zaren suke yi gaba ɗaya, ko ɗigo kada ya kusanto. Shamfun jarirai cikin ƙaramin cokali ya wadatar da baho guda. Tunda gashi ne, abin wanke gashi ya dace da shi.

Ku kaɗa shamfun a ruwa tukuna, ku juya rigar ciki ya koma waje, ku kwantar da ita. Ku riƙa danna ta da tafin hannu a hankali, ruwan na shiga yana fita, sai ku ƙyale ta minti 10 zuwa 15. Za ku yi mamakin jan ruwan da ƙurar Kano za ta fitar ba tare da kun cuɗa ko sau ɗaya ba. Wuya da hammata, ku shafa musu ɗan shamfu da kan yatsa. In za ku canja ruwa, ku tattaro rigar dunƙule a hannu biyu, ku tallafe ta ta ƙasa. Kada a ɗago ta ta kafaɗa, domin jiƙaƙƙen ulu yana da nauyi, nauyinsa kuma ke ja masa tsawo. A ɗauraye har kumfa ya ƙare.

Matsewa irin ta zani haramun ce a nan. Ku danne ruwan a jikin baho, ku shimfiɗa rigar a kan busasshen tawul, ku naɗe su tare, ku bi naɗin kuna dannawa. Sai ku warware, ku shimfiɗa ta a kan wani tawul ɗin bisa tabarma, ku gyara mata kafaɗa da hannaye da ƙugu da yatsunku yadda take tun asali, domin a siffar da ta bushe za ta zauna. Ban da igiya, ban da hanga, ban da rana. Cikin ɗaki ya fi, saboda hazo zai mayar muku da aiki baya in kun bar ta a tsakar gida. A nan Allah ya sauƙaƙa mana: iskar hunturu busasshiya ce, abin da ke cin Turawa kwana biyu ko uku mu yini da kwana ya ishe mu, in an juya ta sau ɗaya. Dutsen guga, musamman na gawayi, kada ya sauka a kanta kai tsaye. In dole ne, a sa ɗanyen ƙyalle a tsakani.

Kuma ba kullum ake wanke ta ba. In kuna sa singileti ko wata riga a ciki, ku kakkaɓe ta da yamma ku bar ta ta sha iska, wanki biyu ko uku ya isa duk lokacin sanyi. Na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci, wanda za ku yi a watan Maris in zafi ya fara. Asu gumi da maiƙon abinci yake bi, kuma rigar da aka jefa akwati da dauɗarta a Maris, da huji za a same ta a Nuwamba. Ku tabbata ta bushe ƙarau, ku ninke ta, ku sa a jakar auduga ko tsohuwar rigar matashi, ku ajiye kafur a gefe ba a jikinta ba, inda ƙananan yara ba za su kai hannu ba. In damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, ku fito da ita wata ranar da gari ya washe, ta sha iska a inuwa, ku duba ta, sannan ku mayar.