Darasi na 14: Sake Shata Iyakokin Shiyya

Ɗalibi, idan ka shiga kasuwar Mile 3 da ke Diobu a birnin Fatakwal, za ka tarar da Hausawa masu sayar da kayan gwari, wato tumatir da albasa da tattasai da attaruhu, waɗanda ake kawowa daga lambunan Arewa. Haka abin yake a Anacha da Enugu. Waɗannan 'yan kasuwa sukan haɗu cikin ƙungiyoyi, kowace ƙungiya kuma takan kasa kanta shiyya-shiyya. A wannan darasi za ka ga abin da ke sa a sake shata iyakokin shiyya, da abin da hakan ke haifarwa.

Da farko, dubi tarihin garuruwan nan uku. Kafin shekarar 1967, dukkansu suna cikin Yankin Gabas, hedikwatarsa kuwa Enugu. Ranar 27 ga Mayu, 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Fatakwal ta zama babban birnin Jihar Ribas, Anacha da Enugu suka shiga Jihar Gabas ta Tsakiya. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammed ta mai da jihohi 19, aka raba wannan jiha gida biyu, Anambra da Imo. A 1991 aka fitar da Jihar Enugu daga Anambra, Anacha ta koma bin Awka. A 1996 kuma aka cire Bayelsa daga Ribas. Ka ga ke nan, garuruwan da ke ƙarƙashin mulki ɗaya a da, yau suna jihohi uku.

Duk lokacin da taswirar hukuma ta canza, dole ƙungiya ta duba tata, domin ma'aikatun da take hulɗa da su sun canza. Akwai wasu dalilai biyu kuma. Na ɗaya shi ne nisa. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Idan wurin taro ya yi nisa, ɗan kasuwa ba zai bar rumfarsa yini guda ba, balle mai tumatir wanda kayansa ba sa jira. Na biyu shi ne yawan mambobi. A ce wata shiyya tana da mutum 600, wata kuma 60, amma kowace tana aika wakili ɗaya zuwa babban taro. Masu yawa za su ce an tauye musu haƙƙi.

Sai dai rabuwa tana da wuya. Wa zai riƙe kuɗin asusun da aka tara tare? Wane shugaba zai sauka? Reshen da ke bakin iyaka, ina zai bi? Saboda haka ƙungiya mai hikima takan kafa kwamiti, ta ji ra'ayin kowane reshe, ta nemi shawarar dattawa irin su Sarkin Hausawa, sannan a jefa ƙuri'a. Idan aka yi gaggawa, shiyya ɗaya na iya zama ƙungiyoyi biyu masu gaba da juna.

Ma'anar Kalmomi
shiyya: ɓangare na ƙasa ko na ƙungiya
shata: zana layin da ke nuna iyaka
reshe: ƙaramin ɓangare da ke bin uwar ƙungiya
asusu: wurin ajiye kuɗi
tauye: rage wa mutum abin da yake nasa

Nahawu
Lura da "an" da "aka". Dukkansu ba sa faɗin wanda ya yi aikin. Za ka ce: "An raba jihar." Amma idan ka gabatar da lokaci domin ƙarfafa shi, sai ka ce: "A 1991 aka raba jihar."

Tambayoyi
1. Jihohi nawa aka ƙirƙira a 1967?
2. A wace jiha Anacha take yanzu?
3. Kawo dalilai uku da ke sa ƙungiya ta sake shata iyakokinta.
4. Me ake nufi da "zumunta a ƙafa take"?

Aiki
Zana taswirar jiharka, ka kasa ta shiyya uku domin ƙungiyar masu lambu. Rubuta jimloli biyar da Hausa, ka bayyana dalilin da ya sa ka ja kowane layi a inda ka ja shi.