Amsoshin Tambayoyinku: Ayabar da Ta Yi Baƙi, da Burodin Tukunyar Yashi

Tambaya: Ni uwargida ce a Talatar Mafara, maigidana yana noman rani a Bakolori. Ranar kasuwa yakan shigo mana da ayaba, amma kafin kwana uku ta yi baƙi, yara su ƙi ci, sai dai awaki su samu. Na ji ana yin burodi da ita, to ni ba ni da obin, ga bota da fulawa sun yi tsada. Ko akwai dabara?

Amsa: Dabara kam akwai, kuma abin da kike ba awaki shi ne mafi daraja a cikin kayan haɗin. Ayaba idan tana nuna, sitacin cikinta yake juyewa ya koma zaƙi. Lokacin da ɓawon ya yi ɗigo-ɗigo har ya fara baƙi, zaƙin ya kai maƙura, naman ya yi laushi, ƙamshin ya fito. Ita ce za ta rage miki sukarin da za ki zuba, ta kuma sa ki manta da bota. Wannan burodin dama na masu ƙaramin ƙarfi ne. A Amurka ya bazu ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, matan gida suka daina zubar da ayabar da ta wuce ci.

Don haka ranar Talata, in la'asar ta yi kasuwa ta fara watsewa, a aika wurin masu ayaba a tambayi wadda ta nuna sosai. Yawancinta daga kudu ake ɗauko ta a mota, kuma mai ita ya san ba za ta kai wata kasuwar ba, zai sallama da araha. A duba dai: baƙin ɓawo ba laifi ba ne, amma wadda ta fashe tana tsiyaya, ko take warin tsami, ko ta yi fumfuna, a bar masa kayansa. A kuma guji wadda ta yi rawaya shar a waje alhali ciki da tauri babu zaƙi, sau da yawa da sinadarin kabayid aka nunar da ita, abin da hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kai.

Ga awo da gwangwanin madarar ruwa, tunda kowane gida da shi. Ayaba manya 4, ko ƙanana 6. Fulawa gwangwani 3, man gyaɗa rabin gwangwani, sukari rabin gwangwani, nono rabin gwangwani, ƙwai 1, bakin hoda ƙaramin cokali 2, sai ɗan gishiri. Ba a sa yis, ba a jiran ya tashi. Ki dame ayabar da cokali a kwano, ki zuba mai da ƙwai da nono da sukari ki juya. A wani kwanon ki tankaɗe fulawa tare da bakin hoda da gishiri, sannan ki juye a kan ruwan.

A nan mata da yawa suke ɓata aikinsu. Hannunmu ya saba da bugun ƙullin fanke da alkubus, inda ake so ya yi danƙo. Wannan ba ya son bugu ko kaɗan. Da fulawa ta haɗu da ruwa, duk juyin da kika ƙara danƙo kike ƙara mata, burodin ya fito da tauri. Ki juya a hankali har farin garin ya ɓace, ki ajiye muciya ko da kina ganin 'yan gudaji. Kuma kada ƙullin ya zauna jiran wuta, domin bakin hoda yana fara aiki ne tun da ya jiƙe. Wuta ake fara haɗawa kafin kwaɓi.

Batun tsadar fulawa, gaskiyarki. Mafi yawan alkamar da kamfanoni ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, shi ya sa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 buhu bai sake komawa inda yake ba. Amma ke kina zaune ne a bakin magudanan ruwan da aka gina har da niyyar noman alkama, tun da aka kammala madatsar a 1978, ko da yake shinkafa ce ta mamaye filayen yanzu. In maigida yana shuka alkama lokacin hunturu, ko akwai ta a kasuwa, ki wanke, ki shanya, a niƙa ta da laushi, ki sa gwangwani 1 a madadin ɗaya daga cikin ukun. Ni na fi son shi haka, ya fi riƙe ciki. Kada dai ta wuce rabi, in ba haka ba zai yi nauyi. In ayabar ta gaza, dafaffen dankalin Hausa da aka dame yana cike gurbin guda ɗaya ko biyu. Ranar da babu ƙwai kuwa, ki ƙara nono cokali 3, zai ɗan fi saurin marmashewa, shi ke nan.

Wasu kan tambaya ko kanwa za ta yi a madadin bakin hoda. Ruwan kanwa ungurnu idan ya gamu da tsamin nono yana kumfa, yana kuma ɗaga ƙulli, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma da ta ɗan zarce sai ɗaci. Ƙullin bakin hoda na 'yan kuɗi kaɗan ya fi asarar fulawa gwangwani 3.

Sai tukunya, wadda za ta zame miki obin. Ki sami babba mai kauri da murfi mai rufuwa ruf, wadda kika haƙura da ita, don gindinta zai canza launi. Ki zuba busasshen yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu, ki rufe, ki ɗora a kan gawayi kamar minti 15 har ya ɗauki zafi. Gawayi ya fi itace ko karan dawa, saboda harshen wuta yana ƙona gindi ya bar tsakiya ɗanye. Ki shafe gwangwanayen alale da mai, ki barbaɗa fulawa, ki zuba ƙullin ya ɗan haura rabi kawai. Ki jera su a kan yashin, kada su taɓa jikin tukunya, ki rufe, ki ɗibi garwashi kaɗan ki baza a kan murfin. Garwashin saman nan shi ne zai ba burodin ja a fuska. Ba ya son wuta mai ƙarfi: in kin ji ƙamshi ya cika tsakar gida tun kafin minti 10, to ƙuna ce ta fara, ki janye gawayi.

Kada ki buɗe sai an yi minti 20. Ƙananan gwangwanaye sukan gasu cikin minti 25 zuwa 30, babban kwano ɗaya kuwa yana iya kai awa guda, shi ya sa nake ba mai farawa shawarar ƙanana, ga sauƙin gawayi, ga sauƙin rabo tsakanin yara. Ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito babu ɗanyen ƙulli, ki sauke. In sama ta yi ja ciki bai yi ba, ki kwashe garwashin murfi ki ƙara masa minti 5.

Ki bar shi ya huce sarai kafin ki sa a leda ko mazubi, don gumi ne ke kawo fumfuna. Da hunturu zai kwana uku lafiya. A zafin Afrilu da Mayu na Zamfara kuwa, ki gasa abin da za a cinye yau da gobe kawai. In kina tunanin ba yara su kai makaranta ko ki ajiye a ƙofar gida don sayarwa, ki fara ƙirga gwangwani nawa kwaɓi ɗaya ya ba ki, ki haɗa kuɗin gawayi da leda a lissafi, sannan ki yanka farashi. Soyayyar gyaɗa da aka ɗan daka aka barbaɗa a sama kafin gashi tana jan ido, kuma ba ta kai kwakwa tsada ba.