CIWON HANKALI MAI FUSKA BIYU: YADDA AKE GANE SHI DA INDA AKE NEMAN MAGANI

Ba kowane ciwon hankali ne yake sa mutum ya tuɓe ya bi titi ba. Akwai wani iri wanda mai shi yakan yi watanni, ko shekaru ma, yana cikin hayyacinsa, yana sana'arsa, yana riƙe da iyalinsa, sa'an nan ciwon ya taso, ya lafa, ya sake dawowa da wata kama dabam. Likitoci suna kiransa baifola, watau mai ɓangare biyu, domin yakan kai mutum ƙarshen zumuɗi a wani lokaci, a wani lokacin kuma ya jefa shi cikin matsanancin baƙin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 40 ne suke fama da shi a duniya. Yana kama maza da mata, mai kuɗi da talaka, galibi kuwa yakan fara bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa farkon girma.

FUSKA TA FARKO: LOKACIN TASHI

Idan ciwon ya tashi, barci ne yake fara ƙaurace wa mutum. Sai ya riƙa yin awa biyu ko uku a dare, amma ya wayi gari garau ba alamar gajiya. Surutu ya yi yawa, magana tana bin magana, kafin ya gama wannan zance ya kama wancan. Yakan ga kansa ya fi kowa ilimi ko dukiya ko daraja, ya shiga rabon kuɗi da sayayya ba lissafi, wanda duk ya nemi ya kwaɓe shi kuwa ya gamu da faɗa. Idan abin ya yi tsanani, har yakan ji muryoyin da ba wanda yake jin su sai shi. Likitoci sukan ƙidaya wannan a matsayin tashin ciwo idan ya kai mako guda yana faruwa kusan kullum. Akwai kuma tashi mai sauƙi, na kwana huɗu ko fiye, wanda jama'a sukan ɗauka himma ce kawai.

FUSKA TA BIYU: LOKACIN FAƊUWA

Bayan wani lokaci sai al'amari ya juya. Mutumin nan mai yawan magana ya yi tsit, ya shige ɗaki, ya daina sha'awar abinci da aiki da zumunci. Jiki ya mutu, tunani ya yi nauyi, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, yana ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Wannan hali yakan kai mako biyu ko fiye, sau da yawa har watanni. A nan ne babban haɗari yake, domin waɗansu sukan kai ga tunanin kashe kansu.

INDA IYALI SUKAN RUƊE

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mazaunin unguwar Turaki a cikin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Da kaka ya kwana goma ba ya barci, ya kwashe jarinsa ya sayi hatsin da ba shi da wurin ajiye shi, ya ci bashi ya raba wa mutane. 'Yan'uwa suka ce sammu ne, ko kuwa iska ce ta taɓa shi. Da bazara kuma ya rufe shago ya kwanta, aka ce ai takaicin hasarar da ya yi ne. Sai lokacin nan aka kai shi asibiti, aka faɗi labarin kwanciyar, aka ɓoye na ɓarnar dukiyar saboda kunya.

Wannan kuskure ne mai tsada. Abubuwan nan biyu ciwo ɗaya ne, likita kuwa ba shi da awon jini ko hoton da zai nuna masa shi, sai labarin da aka ba shi. Idan baƙin cikin kaɗai ya ji, yana iya ba da maganin baƙin ciki zalla, irin wannan magani kuwa shi kaɗai yana iya tayar da zumuɗin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lalle ne wanda ya san majiyyacin sosai, kamar matarsa ko mahaifinsa ko wansa, ya raka shi, ya faɗi duk abin da ya gani tun daga farko.

ME YAKE KAWO SHI?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda hawan jini yake ciwo na jijiyoyin jini. Ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Gado yana da hannu ƙwarai a cikinsa, ko da yake ba duk ɗan mai ciwon ne yake kamuwa ba. Abubuwan da sukan tayar da shi ga wanda yake ɗauke da shi sun haɗa da rashin barci, da babban tashin hankali kamar mutuwa ko karayar arziki, da shan wiwi ko giya ko ƙwayoyin maye. Mace mai wannan ciwo tana cikin haɗarin tashinsa a makonnin farko bayan haihuwa, saboda haka a sa mata ido a lokacin jego.

AKWAI MAGANI

Tun a shekarar 1899 wani likita Bajamushe, Emil Kraepelin, ya bambanta wannan ciwo da sauran manyan cututtukan hankali. A 1949 kuma Dokta John Cade na ƙasar Ostareliya ya nuna cewa gishirin wani sinadari mai suna litiyom yana kwantar da zumuɗin. Har yau ana amfani da shi, tare da waɗansu magunguna da suka biyo baya. Maganin ba ya tuge ciwon daga saiwa, amma yana danne shi, ya hana shi yawan dawowa, mutum ya koma bakin aikinsa. Sai dai a kiyaye da waɗannan:

1. Kada a daina shan magani don an ji sauƙi. Daina shi farat ɗaya yana daga cikin manyan dalilan da suke sa ciwon ya dawo.

2. Mai shan litiyom tilas ne a riƙa auna jininsa lokaci lokaci, a duba ƙodarsa da ƙullutun wuyan nan da yakan kumbura ya zama maƙoƙo. Ya riƙa shan ruwa isasshe, musamman da zafi. Idan amai ko gudawa ko karkarwa mai tsanani ta kama shi, a garzaya asibiti.

3. Kafin azumin watan Ramadan, a nemi shawarar likita a kan lokutan shan magani da na barci.

4. Mace mai ciki, ko mai niyyar ɗaukarsa, ta sanar da likita tun da wuri, domin waɗansu magungunan, musamman balfurowet, suna cutar da ɗan tayi.

5. Kada a sayi magani a kemis ko a hannun 'yan talla ba da takardar likita ba.

INDA ZA A DOSA

Mazauna Turaki da sauran unguwannin Jalingo suna iya farawa daga ƙaramin asibitin da ya fi kusa da su, ko su tafi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha da suke cikin garin, su nemi a haɗa su da likitan hankali. Idan ana bukatar ƙarin kulawa, Gwamnatin Tarayya tana da asibitoci na musamman domin cututtukan hankali, kamar na Maiduguri, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko ya ƙi ci da sha, ko yake neman ji wa wani rauni, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Addu'a da magani ba sa karo da juna, a haɗa su gaba ɗaya. Abin da ba shi da gurbi shi ne duka, da horo da yunwa, da sanya mari. Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta ɗaure majiyyaci da sarƙa da nuna masa bambanci.

AIKIN IYALI DA MAƘWABTA

A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majiyyata suke zama a ƙauye tare da 'yan'uwansu suna zuwa asibiti karɓar magani. Tsarin ya yi suna a duniya, ya kuma nuna cewa kulawar dangi babban ginshiƙi ne na samun lafiya. Saboda haka iyali su tabbata majiyyaci yana barci a kan lokaci, yana shan magani, yana komawa asibiti ranar da aka sa masa. Su riƙe alamun da sukan riga tashin ciwon, musamman raguwar barci, su sanar da likita tun abin bai yi nisa ba. Lokacin da yake cikin hayyacinsa a yi shawara da shi a kan wanda zai riƙe masa kuɗi idan ciwon ya motsa. Maƙwabta kuma su kama bakinsu daga kiransa mahaukaci, domin tsoron wannan suna shi ne yake hana mutane da yawa zuwa asibiti.

Duk wanda ya karanta wannan takarda, ya daure ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.