Yadda ake fara aikin tattara bayanan gona da waya

Yaro ya gama karatu a jami'ar Wudil, wadda aka mayar wa suna Aliko Ɗangote a 2022, sai ka ji ana ce masa ba zai ci abinci da kwamfuta ba sai ya iya rubuta manhaja. Rabu da su. Masu ayyukan noma a Kano, irin su KNARDA da IITA, kullum suna bukatar wanda zai shiga gona ya fito da lissafi na gaskiya, kuma wannan ba a zaune ake koyonsa ba.

Nemi wayar Android mai riƙe caji, ka haɗa da fawa bank. Sauke manhajar cike fom ta KoboCollect. Kyauta ce, tana aiki ko babu sabis, in ka hau titi ta tura abin da ka cike. Ni ita na fi so a kan takwararta ODK, don mai koyo bai cika ɓacewa a cikinta ba.

Kafin ka taka gonar kowa a gari irin Kausani, je ka gaida mai unguwa, ka faɗi wanda ya aiko ka.

Awon gona shi ne inda ake gane ɗan koyo. Kada ka rubuta girman da manomi ya faɗa maka. In ya zaci rabon taki ne, gonarsa za ta kumbura. In ya ji ƙanshin haraji, za ta tsuke. Ka ce, "Baba, mu zagaya tare," ya wuce gaba kana biye, domin shi ya san inda gamba ta raba shi da maƙwabci, da inda rabon gado ya tsaga gonar uku.

Kunna GPS ka tsaya a fili, ba a inuwar mangwaro ko darbejiya ba. Akwai wata ƙaramar lamba da ke nuna kuskuren wayar. Jira ta sauko ƙasa da mita 5 kafin ka ɗaga ƙafa. A kowace kusurwa ka tsaya, ka ƙirga goma, sannan ka danna. Mai gaggawa yakan dawo da taswira kamar sawun kaza.

Amma fa ƙananan fangalen fadama, na albasa da tumatir a bakin kogin Wudil, waya ba ta iya su. Duba: fili mai mita 20 a 25 murabba'in mita 500 ne. In wayar ta zame da mita 3 waje ta kowane ɓangare, ya koma 26 a 31, wato 806. Ka ƙara wa mutum fiye da rabin gonarsa, kuma duk lissafin taki da na amfani da za a ɗora a kai ya lalace. Irin waɗannan, tef na magina za ka ja. Ka haddace: hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047. In fom ya nemi ɗaya, kada ka cusa ɗayar.

Sai amfanin gona. "Buhu goma" ba bayani ba ne. Buhun shanshera na wani an yi masa hula, na wani an ɗinke shi a wuya. Kwandon tumatir ma haka. Sayi sikelin ratayawa, ba shi da tsada, ka auna buhu uku ka raba uku. Ka kuma rubuta ko shinkafar ta bushe, don ɗanya ta fi nauyi, masu casa kuwa a kan damshin kashi 14 cikin ɗari suke lissafi.

Da dare ka zuba komai a Excel, kowace gona layinta guda da lambarta. Suna kaɗai ba ya isa, Musa Ibrahim huɗu za ka samu a unguwa ɗaya. Lambobin wayar manoma amana ce, akwai ma dokar kare bayanai ta 2023, kada su zaga WhatsApp.

In hannunka ya faɗa, koyi manhajar taswira ta QGIS, ka haɗa taswirar gonaki ashirin na garinku. Ita za ka nuna wa mai ɗaukar aiki, ta fi tarin satifiket magana. Biya kuwa wasu a kan yini suke yi, wasu a kan fom. Ka tambaya tun farko ko kuɗin babur na ciki. Kada kuma ka sa ranar awo Juma'a, kowa ya tafi kasuwar Wudil.